Masu Kiwon Kifi a Gida, Hattara da Wutar Lantarki

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Agye da Gazawa da Gidan Rumji, a wannan karo shafinmu zai yi magana ne a kan kifi da wutar lantarki.

A da, mai son cin kifi sai ya jira masunta su kawo daga tafkin Madarunfa, ko daga ƙananan tafkunan da Gulbin Maraɗi yake bari bayan damina. Yanzu zamani ya kawo kiwon kifi har cikin gida. Wani ya gina kwami da siminti a bayan ɗakinsa. Wani ya kafa tankin tampol a lambunsa. Wani kuma ya yanke bakin tsohon tankin roba ya zuba ƴaƴan tarwaɗa. A manyan garuruwa har akwai masu ajiye ƙananan kifaye masu launi cikin akwatin gilashi don ado kawai.

Muna murna da wannan sana'a. Iyali suna samun nama, maigida yana samun kuɗi, ruwan da aka zubar daga kwami kuma taki ne ga tumatir da zogale. Sai dai sana'ar ta zo da abin da ba mu saba da shi ba, ta kawo wayar lantarki bakin ruwa. Akwai famfo mai jawo ruwa da mai fitar da shi. Akwai ƙaramin inji mai hura iska cikin ruwa, wanda karfasa take buƙata fiye da tarwaɗa, domin ita tarwaɗa tana iya tasowa sama ta shaƙi iska. Akwai fitila. Akwai hita ta ɗumama ruwa lokacin sanyi. Kowane ɗaya daga cikinsu yana iya lalacewa. In kuwa ya lalace, wutar cikin ruwan take shiga. Ruwan ba zai sake launi ba, ba zai yi wari ba, ba zai yi ƙara ba. Ido ba ya bambanta shi da ruwan jiya.

Ƙarfin wutar da ke gidajenmu

Kamfanin NIGELEC, wanda aka kafa a shekara ta 1968, shi ne yake raba wuta a ƙasarmu. Mutanen Gazawa sun san babbar wayar da ta taso daga Katsina ta shigo garinsu. Daga nan ta rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Maraɗi, ɗaya ya nufi Damagaram. Ƙarfin wutar da ke cikin wannan waya bolt 132,000 ne. Kafin ta iso gidajenmu sai an rage ta, an sake ragewa, har ta dawo bolt 220. Wasu in sun ji an ce an rage ta sai su raina ta. Kada a raina ta.

Bolt shi ne ƙarfin da ke tura wuta, kamar yadda tudu yake tura ruwa zuwa kwari. Abin da ke kisa kuwa shi ne yawan wutar da ta ratsa jikin mutum. Ana auna wannan da miliampiya. A rubuce ana taƙaita shi da haruffa biyu, mA. A riƙe haruffan nan da kyau, za mu dawo kansu.

In mA 1 ya ratsa jiki, mutum zai ji kamar cizon tururuwa. In ya kai mA 10 zuwa 15, hannu yakan ƙanƙame ya riƙe abin da ya taɓa. Mutum ya so saki, ya kasa. Shi ya sa muke cewa wuta ta kama shi. In ya wuce mA 50 kuma ya bi ta ƙirji, zuciya tana iya rikicewa ta daina tura jini. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 yana jan kusan mA 270. Wato wutar da ke kunna ƙwai guda ta isa ta kashe ƙato, har da saura.

Busasshiyar fata takan tare wuta kaɗan. Jiƙaƙƙiyar fata ba ta tarewa. Mutumin da hannunsa yake cikin ruwa, ƙafarsa ba takalmi bisa jiƙaƙƙiyar ƙasa, wutar da za ta ratsa shi tana iya kai mA 200. Ruwan kwami kuma ya fi ruwan sama ɗaukar wuta, saboda kashin kifi da ragowar abinci da gishirin da wasu suke zubawa don maganin cuta.

Kifi yana iyo, mutum ya faɗi

Ga maganar da ta fi halaka mutane. Sai ka ji wani ya ce: "Ai da akwai wuta cikin ruwan nan, da kifin ya mutu. Ga shi yana iyo lafiya lau." Wannan magana kuskure ce, kuma muna so mai karatu ya fahimci dalili, don ya bayyana wa iyalinsa.

Duk mun taɓa ganin tsuntsu ya sauka bisa wayar lantarki, yana gyara gashinsa, babu abin da ya same shi. Ba don yana da magani ba ne. Wuta matafiyiya ce, kullum hanyar zuwa ƙasa take nema. Tsuntsu ƙafafunsa biyu suna bisa waya ɗaya, bai taɓa ƙasa ba, bai taɓa wata waya ba. Saboda haka wuta ba ta da inda za ta je ta jikinsa.

Haka kifi yake cikin tankin roba, ko na tampol, ko akwatin gilashi. Roba da gilashi ba su barin wuta ta wuce. In famfo ya lalace, wutar takan cika ruwan ta tsaya, ta rasa mafita. Kifi yana ciki yana yawonsa kamar tsuntsu bisa waya. Ana iya yin kwana da kwanaki a haka. Ranar da mutum ya zo, ya tsaya bisa ƙasa, ya tsoma hannu, shi ne ya zama hanyar da wutar take jira. Za ta shiga ta hannu, ta ratsa ƙirji inda zuciya take, ta fita ta ƙafa.

Kwamin siminti ya ɗan bambanta. Jiƙaƙƙen siminti yana barin wuta ta tsiyaye zuwa ƙasa. A nan kifi yana iya nuna alama. Za a ga ya guji gefen da famfo yake, ya taru a kusurwa guda, ko yana zabura ba dalili, ko ya daina cin abinci. Wanda ya ga haka ya yi zargin wuta tun kafin ya yi zargin cuta. Amma rashin alama ba shaida ba ce. Kada kowa ya ɗora ransa bisa lafiyar kifi.

Masunta sun san minjirya. Ita ce kifin da Allah ya halitta da wuta a jiki, wanda ya taɓa kama ta da hannu ba ya mantawa. To, babu mai kiwon minjirya a kwami. In ka tsoma hannu ka ji ruwa ya ɗan ja ka, ko ka ji kamar ana tsira maka allura a inda kake da ɗan rauni, ko a gefen farce, akwai abin da ya lalace. Ruwa ba ya tsami banza. Wasu sukan yi dariya su ce: "Haka yake yi, mun saba." Abin da ya sa ya ja ka kaɗan yau, wataƙila takalmin roba ne a ƙafarka, ko ƙasa a bushe take. Gobe yaro ne zai zo, ba takalmi, bayan an yi ruwan sama.

Yadda kayan suke lalacewa

Yawancin ɓarnar daga waya take farawa. Ranar ƙasarmu tana busar da robar da ke lulluɓe da waya har ta tsage. Ɓera yana ci, gara tana ci, akuya tana tauna. Amalanke ya bi ta kai, ko fartanya ta sare ta a lambu. Sai a ɗaure wurin da baƙin salatif, ko da leda, a ci gaba da aiki. Salatif yana hana hannu taɓa ƙarfe, amma ba ya hana ruwa shiga. Duk wayar da take da haɗi, wurin haɗin bai kamata ya kwanta a ƙasa ba, balle ya shiga ruwa.

Famfon da ake nutsarwa cikin ruwa yana da roba a ciki mai raba ruwa da inji. Yashi yana cinye wannan roba a hankali, ruwan rijiyoyinmu kuwa ba ya rabuwa da yashi. In kuma aka bar famfo yana aiki bayan ruwa ya ƙare, zai yi zafi, wayoyin cikinsa su ƙone, wuta ta fito jikin ƙarfensa. Mutane da yawa suna ɗaga famfo ta wayarsa don sun ga ta yi kama da igiya. Wannan yana kwance bakin da wayar ta shiga, ruwa ya samu ƙofa. A ɗaura masa igiya tasa ta daban.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba. Ruwa yana bin waya kamar yadda yake bin igiyar guga. In soket yana ƙasa da bakin tanki, ɗigon ruwa zai gangara har cikinsa. Maganin wannan ba ya cin ko dala. A kafa soket a sama, jikin bango ko ginshiƙi, ƙarƙashin rumfa inda ruwan sama ba ya kaiwa. A bar wayar ta yi lanƙwasa ƙasa kafin ta hau zuwa soket. Ruwan zai ɗiga a gindin lanƙwasar, ba zai iya hawa sama ba. Fitila da injin hura iska kuma a ɗaure su tamau, yadda iska ko kaza ko yaro ba zai ture su cikin ruwa ba.

Mu da muke bakin iyaka muna da wata matsala tamu. Kayan da ake sayowa daga Jibiya ko Katsina ko Kano suna zuwa da fulogi mai haƙori uku masu faɗi. Soket ɗinmu na Nijar kuwa ramukansa zagayayyu ne. Sai mutum ya yanke fulogin ya yar, ya cusa tsirarar waya biyu cikin soket, ya danne da tsinken ashana. Ya yi ɓarna biyu ke nan. Ya bar ƙarfe a fili kusa da ruwa, ya kuma zubar da waya ta uku, wadda ita ce mai tsaron rai. A kai wa mai gyaran wuta ya sa fulogi irin namu mai wurin waya uku.

Ƙananan famfunan akwatin gilashi a toshe suke daga masana'anta, ba a gyara su. Wanda ya fara ja, ko wayarsa ta tsage, a yar da shi. Kafin a yar a datse wayar, don kada yaro ya tsinta ya je ya jona. Sayen tsohon famfo don sauƙin kuɗi ba tare da gwani ya auna shi ba, shi ma ganganci ne. Araha ba ta ado.

A zare waya kafin a taɓa ruwa

In mai karatu zai riƙe abu ɗaya daga wannan shafi, ya riƙe wannan. Kafin hannu ya taɓa ruwan kifi, a zare dukan wayoyi daga soket. Za a kama kifi, a zare. Za a wanke kwami, a zare. Za a tsamo mataccen kifi guda, aikin da bai wuce ƙiftawar ido ba, a zare. A zare da busasshen hannu, a kama fulogin, kada a fizgi wayar. Bayan an zare a ajiye fulogin inda ido yake ganinsa, kada wani ya zo ya mayar bai san kana cikin ruwa ba.

Wani zai ce: "Ai na kashe makunni, ya isa." Bai isa ba. Waya biyu ke kai wuta cikin inji, ɗaya mai kawowa, ɗaya mai mayarwa. Yawancin makunnai waya ɗaya kawai suke yankewa. In an yi kuskure wajen haɗawa, ko an juya fulogi, mai mayarwa ce za a yanke. Inji zai tsaya, ya yi shiru, amma wuta tana cikinsa.

Wani kuma zai ce: "Ai an ɗauke wuta." Wannan ma tarko ne. Duk mun tuna yadda Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a watan Agusta na 2023, ba ta dawo da ita ba sai watan Maris na 2024. A lokacin, wuta tana zuwa tana tafiya babu sallama. Ko ba a irin wannan hali ba, wanda ya ɗauke wuta ba ya aiko da manzo in zai dawo da ita. Mutum yana tsaye cikin kwami ruwa har gwiwa, ko yana riƙe da tsirarar waya yana ɗauri, sai a kawo wuta.

Wannan doka ba ta maigida kaɗai ba ce. Sau da yawa shi yana gona ko kasuwa, uwargida da yara ke ba kifi abinci da sauya ruwa. A tara su a nuna musu soket, a nuna musu yadda ake zarewa. Ƙananan yara kuwa a yi wa wurin shinge, domin ko babu wuta, kwami yana iya cinye yaro.

Mun sani rai a hannun Allah yake, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma wayar da ɓera ya ci, kowa ya gan ta wata uku yana tsallakewa, ranar da ta yi ɓarna ba daidai ba ne a ce tsautsayi kawai.

Hita da lokacin sanyi

A watan Disamba da Janairu, wasu dararen sanyi a jihar Maraɗi yakan sauka ƙasa da digiri 15. Tarwaɗa da karfasa kuwa sun fi son ruwa mai ɗumin digiri 25 zuwa 30. In ruwa ya yi sanyi ƙwarai sukan rage ci, ƙanana ma har su mutu. Nan ne mai kiwo yake tunawa da hitar da ake tsomawa cikin bokiti don ruwan wanka.

Kada a sa irin wannan hita cikin ruwan kifi. Ba ta san ta kashe kanta ba in ruwa ya yi ɗumi. Ƙarfenta yana tsatsa ya huje, wuta ta fito. Ta fi kowane kaya da muka ambata haɗari, ko a bokitin wanka ma. Mai ɗumama ruwan wanka kada ya gwada zafinsa da yatsa sai ya zare waya. Kada a sa ta cikin bokitin ƙarfe. Kada a bar ta da yara. Wadda ake haɗawa a gida da reza ko cokali kuwa, ita ba a maganarta, ruwan duka yake zama wuta.

Hitar da aka yi don kifi tana cikin kwalbar gilashi. In ruwa ya ragu ya bar ta a fili, ko aka ciro ta da zafinta, gilashin yana tsagewa. A zare ta, a jira kamar minti 15 ta huce, sannan a ciro ta ko a rage ruwa.

Akwai dabarun da ba su buƙatar wuta ko kaɗan. A rufe bakin tanki da tabarma ko leda da dare, a bar ɗan wurin shan iska. A kewaye shi da zana ta gefen da iskar hunturu take bugowa. A ƙara zurfin ruwa, don ruwa mai yawa ba ya saurin hucewa. Kowa kuma ya san ruwan rijiya da ɗuminsa yake fitowa da safiyar sanyi. A ƙara wa kifi shi a hankali.

Waya ta uku da makashi mai rubutun 30 mA

Wayar da muka ce mai tsaron rai, launinta kore ne da rawaya. Ana kiran ta wayar ƙasa. Ɗaya bakinta yana jikin ƙarfen inji, ɗaya bakin yana jikin sandar ƙarfe mai rufin tagulla da aka kafa cikin ƙasa. In wuta ta ɓalle zuwa jikin inji, sai ta bi wannan waya ta tafi, maimakon ta jira mutum. Gidaje da yawa waya biyu kawai aka ja musu. Mai kiwon kifi ya tambayi mai gyara ko gidansa yana da ta ukun.

Sai dai a san wani abu game da ƙasarmu. Jigawa irin ta Agye da Gazawa, in ta bushe da rani, ba ta karɓar wuta sosai. Sandar da aka kafa a busasshen rairayi aikinta kaɗan ne. A kafa ta da zurfi, a wuri mai laima. Mutanen fadama, irin na Tsibiri da bakin gulbi, sun fi samun sauƙi a nan. Duk da haka wayar ƙasa ita kaɗai ba ta wadatar ba.

Makashin wuta na kullum, da fis, an yi su ne don kada waya ta yi zafi gida ya kama gobara. Ba su yanke wuta sai ta wuce ampiya 10 ko 16, wato mA 10,000 ko fiye. Mutum kuwa mun ce mA 50 ya ishe shi. Ashe mutum yana iya mutuwa makashin bai motsa ba.

Akwai wani makashi na daban wanda aka yi don rai. Masu gyaran wuta suna kiran sa difaransiyel da Faransanci. Aikinsa ƙidaya. Yana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo. In ya ga ta dawo da giɓi, ya san ta bi wata hanya, ko ta ruwa ko ta jikin mutum. Nan take sai ya yanke, kafin a cika daƙiƙa guda. Ga amfanin karatu: in za a saya, a duba jikinsa da ido, a ga an rubuta 30 mA. Akwai masu rubutun 300 mA da 500 mA, waɗannan ba su tsare rai. Yana da ɗan maɓalli mai harafin T. A danna shi sau ɗaya kowane wata. In wuta ta yanke, yana aiki. In ba ta yanke ba, a sauya shi. Kuɗinsa bai kai na rago ba, kuma a ganinmu ya kamata a saye shi tun kafin a sayi ƴaƴan kifi.

In makashin nan ya riƙa yanke wuta duk lokacin da aka jona famfo, kada a ce ya cika fitina a cire shi. Gaskiya yake faɗi, famfon ne ya lalace. A kira mai gyara ya auna da na'urarsa. Sukudireba mai ƴar fitila tana iya nuna akwai wuta, amma rashin haskenta ba ya tabbatar da babu. Yatsa da bayan hannu kuwa ba kayan gwaji ba ne.

Sola da injin wuta

Ƙauyuka da yawa wayar NIGELEC ba ta kai gare su ba, sai sola ko injin mai. Famfo ko injin iska mai aiki kai tsaye da batir na bolt 12 ya fi sauƙin haɗari nesa ba kusa ba. Wanda zai fara kiwo, in yana da zaɓi, ya zaɓi irin wannan. Amma da zarar an sa inbata, wutar ta koma bolt 220, daidai da ta gari. Farantan sola na babban famfon lambu kuma, in an jera su da yawa a haɗe, suna ba da bolt ɗari da wani abu, wasu ɗaruruwa. Ba su da makunni a sama, muddin rana tana haskawa suna aiki. Injin wuta shi ma bolt 220 yake bayarwa. A ajiye shi a busasshen wuri, a fili, nesa da ɗakin kwana, domin hayaƙinsa yana kisa cikin barci.

In wuta ta kama mutum

Zuciya za ta ce ka ruga ka jawo shi. Kada ka taɓa shi, kada ka shiga ruwan, kada ka taka ruwan da ya malale a wurin. Wutar da ta riƙe shi za ta riƙe ka, gida ya yi makoki biyu. Ka ruga wurin soket ka zare, ko wurin mita ka kashe babban makashi, ko ka kashe inji. Saboda haka ya kamata kowa a gida ya san inda makashin yake tun yau, kuma kada a tara kaya a gabansa.

In babu halin kashewa, ka tsaya bisa busasshen katako ko kujerar roba. Ka ɗauki busasshiyar sanda, ko taɓarya, ko ƙotar fartanya wadda babu ƙarfe a jikinta, ka ture wayar daga jikinsa. Ɗanyen icce da jiƙaƙƙen icce suna ɗaukar wuta. Wannan dabara ta wutar gida ce kawai. In babbar waya ce ta kan hanya ta faɗo, sanda ba ta da amfani, don irin wannan wuta tana tsallake iska. A ja da baya nesa, a hana mutane da dabbobi matsowa, a sanar da ma'aikatan NIGELEC.

Bayan an raba shi da wuta, a kwantar da shi rigingine bisa busasshiyar ƙasa. A kira sunansa, a dubi ƙirjinsa. In yana numfashi amma bai farfaɗo ba, a juya shi ya kwanta ta gefe, don kada amai ya shaƙe shi. In ba ya numfashi, kada a tsaya kuka. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti 4 ko 5 babu jini. Ka durƙusa, ka ɗora tafin hannu ɗaya a tsakiyar ƙirjinsa, ɗaya hannun bisa na farko. Ka miƙe gwiwar hannu, ka danna da ƙarfi, ƙirji ya nutse kamar santimita 5, ka saki, ka sake dannawa. A yi da sauri, sau 100 zuwa 120 cikin minti guda. In ka gaji wani ya karɓe ka. A ci gaba har ya yi numfashi ko ma'aikacin lafiya ya iso. Wani kuma ya nemi mota, ko ya buga lamba 18 ta ƴan kwana-kwana a inda suke da ofis.

A irin wannan lokaci masu ba da shawara suna da yawa. Wani zai ce a ɗura masa madara, wani ya ce a kwara masa ruwa, wani ya ce a turbuɗe shi cikin rairayi wuta ta fita. Wuta ba ta zama cikin jiki. Da zarar an raba shi da waya ta tafi, ana iya taɓa shi babu tsoro. Wanda bai farfaɗo ba, in aka ɗura masa abu, huhunsa zai shiga. Turbuɗewa kuma ɓata lokacin danna ƙirji ne.

In akwai ƙuna, a zuba mata ruwa mai tsabta mai sanyi har minti 20, a rufe da tsabtataccen ƙyalle. Kada a shafa toka, ko man shanu, ko man goge haƙori. Ko da ya tashi ya ce ya warke, a kai shi likita mafi kusa a ranar. Ƙunar wuta takan yi ƙarama a fata alhali ta yi zurfi a ciki. Wanda ya suma, da wanda yake jin ciwon ƙirji ko bugun zuciya, da mace mai ciki, da ƙaramin yaro, su kada a jira ko kaɗan. In ma'aikatan lafiya sun ce a wuce asibitin gunduma ko babban asibitin Maraɗi, a wuce. Kayan da suka jawo abin kuma a bar su a zare, a kulle su a ɗaki, har mai gyaran wuta ya zo ya auna su ɗaya bayan ɗaya.